Baba Ya Ce Naka Zai Jira

Zuwa ga ƙanena Mudassir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a Grenoble. Allah ya ƙara maka basira, ya tsare mana kai a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Hatsi ya yi kyau bana, gyaɗar Inna ce kawai ruwa ya yi wa yawa. Ƙanwarmu Umaima ta yaye ɗanta, ya zama ɓarawon ƙuli-ƙuli.

Na zaɓi in rubuta maimakon in aiko da murya a salula, don ina so ka kai ƙarshe kafin hankalinka ya tashi. Baba ya yi ciwo, amma ya warke, yanzu haka yana ƙofar gida yana faɗa da awaki. Kwalara ce ta shigo ƙauyukanmu bayan ruwan da ya malale rijiyoyi. Ni na hana a gaya maka, saboda lokacin ne ka ce layinka ya zo a babban injin nan da kuke haska dafin kwalara da shi, in ya wuce ka kuma sai an daɗe.

Ka tuna hoton da ka aiko, mai launi-launi kamar fure mai kunne biyar, wanda ka ce siffar dafin ƙwayar kwalara ce, da ɗan abin da kuka toshe shi da shi don ya kasa kama hanji? To, babu wanda Baba bai nuna wa ba, daga masallaci har kasuwar Tasawa. Kai ka ce hoto ka samu, shi kuwa cewa yake ɗansa ya gama haɗa maganin kwalara. Da ciwon ya kayar da shi muka ɗaura wa jaki amalanke, sai ya ce ba inda za shi. Wai abin kunya ne uban mai magani ya je ya sha na wasu, naka zai jira. Mudassir, idonsa ya faɗa, murya ta dishe, fatar hannu in ka ja ba ta komawa, amma taurin kan nan yana nan daram. Na yi lallashi, na yi kuka, na ce da bakinka ka faɗa mini aikin da sauran shekaru, ko ɓera ba a gwada wa ba tukuna. Ya ce ai kai tun kana yaro ba ka son yabon kanka. Wallahi ranar na ji haushinka, kai da hoton naka.

Kawu Danda ne Allah ya kawo mana. Daga gona ya zo, ko ƙafa bai wanke ba, ya tsuguna kusa da Baba ya ce masa to ya jira, amma ya sani in wannan ciwon ya kashe shi, za ka watsar da karatun ka dawo gida, ba za ka ƙara iya kallon hoton nan ba, magani kuma shi ke nan. Sai Baba ya ce a miƙo masa hularsa, a tafi. A likitar Maijirgi, wato asibitin garin, majo, babban malamin jinya, ya yi ta sa masa ƙarin ruwa leda bayan leda, ana ba shi ruwan gishiri da sukari, har ya buɗe ido ya nemi fura. Ni kuwa a ƙasa na zauna, na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

In ka kira shi, don Allah kada ka yi masa faɗa, mun yi ya isa. Ka dai sake yi masa bayanin aikin da Hausar gida. Har yanzu yana yawo da hoton, sai dai duk wanda ya nuna wa yakan ƙara da cewa kafin na ɗansa ya iso, wanda ya ji cikinsa ya juya ya hau amalanke.

Inna tana gaishe ka, tana tambaya ko kana cin abinci. Kawu Danda da Umaima da maigidana Rayyanu duk suna gaisuwa. Baba ya ce a gaya maka ya ɗanɗana abin da kake yaƙi da shi, ba na wasa ba ne, don haka ka yi aikinka a tsanake. Ya ce zai jira ka, amma a tsaye.

Taka yayarka,
Sakina