Hannun da Ya Rufe Ruwan Gangare

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maman yara da yaran baki ɗaya. Allah ya yaye maka ciwon bayan nan, ya buɗa maka a ƙasar da kake baƙunta, ya haɗa ka da maƙwabta nagari. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna tana nan da sauƙi, gwiwa ce kawai ta hana ta sakat, bakin kuwa yaƙi bai rage masa komai ba. Kullum sai ta tambaye ni ko ka yi ƙiba, in ce ni ma ban gan ka ba, ta ce to amfanina me ke nan. Mai sunan Baba ya koma makaranta tun da aka gyara rufin ajinsu, ƙanwarsa kuma ta fara tafiya, ba ta barin komai a inda aka ajiye shi.

Saƙonka ya iso ta hannun direban nan mai kawo magunguna, inda ka ce mu tattara mu taho wurinka, har ka ware mana ɗaki. Yaya, na yi kuka da na ji. A lokacin da mutanen da muka tashi tare suke tsallaka titi don kada su gaisa da mu, kai ne kake share mana ɗaki. Allah ya saka maka da alheri, ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ya fi haka. Na ƙi ba ka amsa da wuri ne don ina jiran in ga inda maganar surukinka, maigidana, za ta tsaya. Yanzu ta tsaya, kuma gara ka ji ta daga bakina, domin na san matafiya sun kai maka ita da ƙafa bakwai.

Ka dai san halin mutumin, tunda kai ka raɗa masa suna Malam Tamau. In ya rufe murfin kwalba a gidan nan sai mu haƙura da abin da ke ciki har ya dawo daga aiki. To da sojojin mamaya suka shigo gari, manyan ma'aikatar ruwan da yake aiki a cikinta duk suka tsere, aka bar shi da tsofaffin lebura biyu da injuna. Maƙiyan suka same shi a can, suka ɗaura masa ƙyallensu a dantse, suka ba shi katin wucewa, suka ce ya ci gaba da aiki. Ya ce mini in ya ƙi, ko dai su sa wanda zai ƙona injin, ko garin nan ya koma shan ruwan kwata. Haka yake fita kullum da ƙyallen nan a hannu, ni kuwa kunya ta hana ni leƙa ƙofa. Ruwan barikinsu ake fara turawa, in sun ƙoshi a saki na gari. Suna ba shi ɗan abinci a ƙarshen wata, kuma mun ci, ba zan ce maka mun zubar ba. Maƙwabta su tare shi a lungu su tambaye shi yaushe ruwa zai zo, in ya ba da baya su tofar da yawu.

Da abin ya tsaya a nan da sauƙi. Sai wata rana aka ƙona musu mota a unguwar Gangare, suka ce a yanke wa unguwar ruwa har sai an fito da wanda ya yi. Da rana tsaka suka ɗauko shi a motarsu zuwa mahaɗar bayan kasuwa, inda bawul ɗin unguwar yake a ƙarƙashin wani murfin ƙarfe, wato abin da ake murɗawa a buɗe ruwa ko a rufe. Soja na tsaye a kansa da bindiga, ya zura dogon ƙarfensa ya murɗa. Lokacin zafi ne, Yaya. Unguwar ta yi kwanaki babu ɗigo, an kuma hana kowa sauka kogi. Ka tuna Iya mai ɗinki ta Gangare, wadda take yi wa Inna riguna? Autanta, wanda ya kusa gama karatun jinya, ya kasa jure ganin tsofaffin gidansu, ya ɗauki jarka ya nufi kogi. Bai ko kai bakin ruwa ba suka harbe shi. Tun ranar surukinka bai sake cin abinci ya ƙoshi ba.

Da Allah ya kawo ƙarshen yaƙi suka fice, sai gari ya wayi gari cike da jarumai. Mai shagon da ya koyi yarensu don ya sayar musu da taba, shi ne yau yake ba da labarin yadda yake harararsu. Mu kuwa da kowa ya ga ƙyallen da idonsa, aka shafa mana jan fenti a ƙofa, ana kiran Mai sunan Baba ɗan karen farauta a filin wasa. Aka kafa kwamiti a makarantar firamare don sauraron waɗanda suka yi wa maƙiya aiki, kuma hukuncin da suka fi yankewa shi ne kora daga gari. Ka san gidan da muke ciki na ma'aikata ne. In an kore shi, ni da yara da Inna mai rarrafawa zuwa banɗaki duk mun zama na kan hanya, kuma Inna ta rantse gawarta ce kaɗai za ta bar garin da aka binne Baba.

Sai na yi dabara irin tawa. Mutanen Gangare da yawa suna tuna cewa a ranar farko famfunan can ƙasan unguwa sun yi ta ɗiga. Na zaunar da shi na ce ya faɗa wa kwamiti shi ya bar bawul ɗin a ɗan buɗe da gangan, maƙiyan ne suka gane daga baya suka ƙarasa rufewa. Na je har gida na roƙi tsofaffin leburan nan, suka ce za su tsaya masa. Na maimaita masa maganar har ya kusa haddace ta kamar karatun allo. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ni kuwa na ɗauki shirun a matsayin yarda, kamar ban yi shekaru ina zaune da shi ba.

Ranar zaman aji ya cika maƙil, manya sun takure a kan bencin yara, wasu na leƙe ta taga. Shugaban kwamitin tsohon hedimasta ne, mutum mai sauƙin kai. Ya tambaye shi ko shi ya rufe ruwan, ya ce shi ne. Hedimasta da kansa ya buɗe masa hanya, ya ce an ce famfuna sun yi ta ɗiga, ko da saninsa ne. Sai bawan Allah nan ya ce a'a, wannan ragowar ruwan cikin bututu ne yake gangarawa, ba aikinsa ba ne. Ya ce ya murɗa har ƙarshe, ya kuma ƙara ɗaurewa yadda ya saba. Ya ce sojan bai san komai game da bawul ba, taba ma yake sha yana kallon kasuwa, da ya bar shi a ɗan buɗe babu wanda zai gane. Amma tunanin bai zo masa ba sai da suka kama hanyar komawa, hannunsa ne ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru. Ya ce daga baya ya yi niyyar komawa ya sassauta, tsoro ya hana shi. Wallahi Yaya, da takalmina yana hannuna da na jefe shi. Aji ya kaure da hayaniya, ana cewa a kore shi, wasu na cewa kora ma ta yi kaɗan, ni kuwa na fara tunanin yadda za mu ɗauki Inna.

Cikin hayaniyar nan Iya mai ɗinki ta miƙe. Ban ma san tana ajin ba. Ta rame, mayafin ya yi mata yawa, amma da ta ɗaga hannu kowa ya yi tsit, domin babu wanda ya fi ta haƙƙin magana a wurin. Ta ce tun da aka kawo mata gawar yaronta take tambayar wa ya yi kaza, wa ya nuna kaza, kowa sai ya ce mata ai maƙiya ne, kamar maƙiyan nan da taswirar bututun garinmu aka haife su. Ta ce yau ne karo na farko da wani ɗan garin nan ya tsaya a gabanta ya ce ni na yi. Ta ce kada kowa ya ɗauka ta yafe, ba ta yafe ba, ba ta kuma san ko za ta iya ba. Amma in aka kore shi, zai je garin da ba a san shi ba, a riƙa ce masa malam ana ba shi wurin zama, a hankali har shi kansa ya manta. Ita kuwa ba ta yarda ya manta ba. Ta ce a bar shi a nan, ya riƙa zuwa kowace safiya yana buɗe ruwan Gangare da hannun nan nasa, ya bi ta ƙofar gidanta a ƙafa. Rufewar yamma kuwa a ba wani, domin ba ta son ta sake jin an ce hannunsa ya rufe musu ruwa ko na minti ɗaya.

Maganar tata aka bi. Kwamiti ya sauke shi daga shugabancin injuna, aka ba wani da ya dawo daga gudun hijira, aka rage masa matsayi, amma aka bar mana gida, aka bar mu a gari. Da yake injunan sun sha wuya, har yanzu rabon ruwa ake yi unguwa-unguwa, don haka aikin da Iya ta yanka masa aiki ne na gaske, ba na jeka-na-yi-ka ba. Da muka dawo gida na yi niyyar in wanke shi tas, na ma shirya kalmomina tun a hanya. Sai na tarar Inna ta riga ta ji labari, ta sa shi ya zauna kusa da ita, ta ce a zuba masa abinci. Ya cinye, ya nemi ƙari. Na haɗiye faɗana na koma madafa na yi kukana a can.

Washegari na je gidan Iya in yi godiya. Na same ta a kan keke tana ɗinki, na durƙusa na fara magana, ba ta ko tsayar da ƙafarta ba. Ta ce in tashi in riƙe godiyata, ba don ni ta yi ba, ba don shi ba. Na tashi na fito. Amma Yaya, ko ta karɓa ko ba ta karɓa ba, godiyar tana nan cike da cikina. Matar da aka kashe wa ɗa ita ce ta bar wa 'ya'yana rufi a kansu, ta bar wa Inna garin mijinta. Ban taɓa sanin mutum zai iya jin nauyin wanda ba ya ko kallonsa har haka ba.

Don haka ka yi haƙuri, ba za mu taho ba. Ɗakin da ka share mana Allah ya ba ka ladansa kamar mun kwana a ciki, ka mayar wa yara abinsu. Zaman nan ba daɗi gare shi ba, fentin ƙofa bai gama fita ba, kuma har yanzu akwai masu ƙin amsa sallamarmu. Amma surukinka ya ce ko an ba shi mota kyauta ba zai tafi ba, ni ma na daina ja da shi. Kullum da safe yakan saɓa ƙarfensa ya gangara, ya tarar Iya ta fito da kujera ƙofar gida ta zauna. Ya gaishe ta, ta dube shi ido cikin ido ba ta amsa ba, ya wuce ya buɗe ruwa. Ranar da aka yi ruwan sama ma ta fito da lema.

Ka gaishe mini da maman yara da kyau, ka ce na gode da zannuwan, Inna ta riga ta ƙwace mai shuɗin. Ka gaida ɗanka Likita, Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa, da Takwarar Inna, da Autan gida da ban taɓa gani ba sai a hoto. Ka miƙa gaisuwata ga Kawu mai gyaran agogo in kuna haɗuwa. Inna tana sa muku albarka, yara suna gaida Kawunsu, Malam Tamau kuma ya ce in gaishe ka, ya ce yana jin kunyar rubuto maka da hannunsa.

Roƙona ɗaya gare ka, in ka ɗaga hannu kana yi mana addu'a ka sa Iya mai ɗinki a ciki, ka roƙa mata lafiya da tsawon rai. Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da ita, ya je ya tarar babu kowa a ƙofar. Ya buɗe ruwan ya dawo gida ya zauna a tsakar gida da takalmi a ƙafarsa, bai taɓa abinci ba sai da aka zo aka ce mana ta tashi.

Wassalam, taka har kullum,
Ƙanwarka, uwar Mai sunan Baba