Baba da Baffa kan motocin da

Daren Litinin, 12 ga Rajab 1419

Shekara biyu ina lallashin Baffa Idi ya zo su shirya da Baba. Yau ya zo, sai Baba ya zaro tsohuwar mujalla mai tallan motocin Amurka, irin waɗanda shi da Baffa suka yi jigilar alhazai da su.

"Dubi tawa mai fukafukai a baya! Sarauniyar hanya, in ji su."

"Talla ne kawai, Yaya. Sau nawa tawa mai dogon hanci ta jawo taka daga garin Badr in ta lalace?"

Har kaina ya yi ciwo. Motocin nan fa sun ruɓe tun kafin a haife ni! Baffa ya miƙe a fusace: "Halas, shi ke nan, gobe zan kawo nawa tallan!"

Gobe, wai. To, zan ƙara shinkafa.