Ba Katanga Ce Ta Faɗa wa Baba Kar-a-Zubar Ba

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Shugaba, Kwamitin Amintattu, Majalisar Dattawa da ɗaukacin mambobin Ƙungiyar Magina Masu Sake Amfani da Kayan Rusau suna sanar da jama'a cewa sun samu labarin rasuwar uban ƙungiya, shugabanta na farko, kuma babban malaminmu a wannan sana'a, dattijon arziki, Alhajin da manya da yara suka fi sani da Baba Kar-a-Zubar, wanda Allah ya karɓi ransa da hantsin jiya a gadon asibiti, sakamakon ciwon zuciya da ya daɗe yana ɓoye mana. An yi masa sutura kamar yadda addini ya tanada. Ya bar matar aure, 'ya'ya da jikoki, da ɗimbin magina da suka koyi riƙe cokalin gini a hannunsa.

Da son samu ne, da addu'a kaɗai za mu cika wannan takarda. Sai dai tun kafin a dawo daga maƙabarta wani hoto ya fara yawo a wayoyi: tarin bulo a warwatse a tsakar gidan marigayin, ga hular kwanonsa a kai, an rubuta a ƙasa wai katangar da ya gina da shara ce ta rufta masa. Wannan ƙarya ta yi mana ciwo matuƙa, kuma ba ta tsaya a waya ba. 'Yan'uwan marigayin, saboda ƙauna da tsoro, sun kawo mota za su kwashe matarsa Hajiya da yara, har ana maganar a sayar da gidan a rushe shi. In aka yi haka, matar da ta rasa miji za ta rasa ɗakinta a mako guda, aikin da marigayin ya ƙarar da rayuwarsa a kai kuma zai tafi da sunan abin da ya kashe shi. Don haka ya zama wajibi mu yi bayani.

Marigayin ya fara ne da birkilanci kamar kowa. A lokacin, duk ginin da aka rushe, tifa ce ke kwasar ɓaraguzansa ta juye a rafi ko a bakin titi, ruwa ya toshe, a koma a haƙo sabon yashi da tsakuwa da tsada. Shi kuwa sai ya riƙa bin masu rusau da baro yana roƙo: "Don Allah kar a zubar, ku bar mini." Daga nan sunan ya bi shi, da tsokana aka laƙaba masa, ya karɓa hannu bibbiyu. Ya haɗa ƙaramin injin niƙa da taimakon wani mai walda, yana farfasa tsohon kankare ya tankaɗe shi ya buga bulo, yana miƙar da tsohon rodi, yana cire ƙusoshi daga katako ɗaya bayan ɗaya. Shi ya tara mu, birkiloli da kafintoci da injiniyoyi, ya kafa wannan ƙungiya. Shi ya nace a riƙa kai bulonmu ɗakin gwaji ana matse shi a na'ura kafin a sayar. Shi kuma ya yi ta zarya ofis-ofis har aka yarda a sa kayanmu a ajujuwan makarantu da shagunan kasuwa da ke tsaye har yau.

Yana da doka guda da bai taɓa sassautawa ba: ba ya sa wa kowa a gida abin da bai fara sa wa kansa ba. Ko takardar ɗakin gwaji ta fito da kyau, sai ya ce, "Na yarda da na'ura, amma na'ura ba ta kwana a ɗaki." Shi ya sa gidansa ya zama abin kallo. Ƙofar falo daga wani tsohon asibiti ta fito, tagogin babu biyu masu kama da juna, tayil ɗin ɗakin girki kala-kala ne, bangon ɗakin kwanansa kuwa da bulon farko da ya buga aka ɗaga shi. Hajiya ta sha kawo mana ƙararsa tana dariya, tana cewa ita dai ba ta san ranar da za ta yi shara ta tarar da tsakar gidanta babu yashi ba. Mu ma mun sha wuyarsa. Mutum ne mai kafiya, in ya ƙwanƙwasa bulonka da guduma bai ji ƙarar da yake so ba, a gaban mai saye zai ce ka sake, ko kai wane ne. Da yawanmu mun yi fushi da shi, babu kuma wanda fushin ya kai masa kwana biyu.

To, ga gaskiyar hoton. A can ƙarshen tsakar gidan, nesa da ɗakuna, akwai gajeriyar katanga da ba ta tokare komai ba, mukan kira ta katangar gwaji. Duk sabon haɗin da ya yi, da shi yake gina ta, ya bar ta rana ta dake ta, damina ta wuce a kanta, sannan ya rushe ta da hannunsa ya duba cikin bulon ko ya sha ruwa. Ya yi haka ya fi a ƙirga, maƙwabta shaida ne. Ranar da ciwon ya taso masa, ya gama rushe ta ke nan, ya cire hularsa ya aza a kan tarin, ya zauna a kujera ya ce wa babban ɗansa ƙirjinsa ya riƙe. Da ƙafarsa ya shiga mota. Likitocin da suka duba shi da waɗanda suka yi masa wanka ba su ga ko ƙwarzane a jikinsa ba. Injiniyan ƙungiya tare da wani injiniya da ba namu ba sun zagaye gidan ɗaki-ɗaki da safiyar yau, daga harsashi har rufi, ba su samu tsaga ko ɗaya ba. Wanda ya leƙa ta ƙofar gidan mamaci ya ɗauki hoton nan ya ƙaga masa labari, mun bar shi da Allah, amma muna roƙon duk wanda ya tura wa wani ya koma ya gyara.

A madadin ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwarmu Hajiya, da 'ya'ya da jikoki, da ƙannen marigayin masu daraja, waɗanda mun san tsoro ne ya kawo su ba mugunta ba, da abokan sana'a na kusa da na nesa. Mun yi rashin uba, kuma zukatanmu a karye suke. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa, ya sa duk rufin da ya yi wa bayinsa ya zame masa inuwa ranar gobe. Allah ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya albarkaci bayansa.

Game da wurin karɓar gaisuwa, an so a mayar da shi gidan ƙanen marigayin. Da muka kai wa Hajiya maganar, muka tarar ta sa an sauke akwatunanta daga mota an mayar ɗaki. Ta ce mu gaya wa jama'a da bakinta: "A ɗakin nan na haifi 'ya'yana, a nan zan yi masa takaba. Babu inda za ni." Saboda haka za a ci gaba da karɓar gaisuwa a gidan marigayin, maza a falo, mata a ɗakin Hajiya. Shugabannin ƙungiya za su zauna a ciki daga safe har yamma, bayansu jingine da bango. Duk wanda har yanzu yake jin tsoron ginin, ya tsaya a bakin titi ya yi sallama, za mu fito mu karɓi gaisuwarsa mu koma ciki.

Dogo Mai Igiya
Kakakin Ƙungiyar Magina Masu Sake Amfani da Kayan Rusau
A madadin Shugaba da Kwamitin Amintattu