Jitar da Za Ta Bi Ki Maiduguri

Ya ke Umaima, sanyin idona, inuwar ɗorawa a tsakar rana, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, hasken da ke riga rana fitowa a zuciyata!

Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka ɗaure ƙafarsa aka bar masa ido yana kallon hanya. Ga akwati nan na aiko ta hannun ƙanwarki Hafiza. Kafin ki buɗe, ki ji yadda aka yi ya zo hannunki.

Kin tuna la'asar ɗin nan a Ƙofar Gamji? Kogi na tafiya a hankali, Hafiza ta ba mu baya tana cin gyaɗa wai ba ta ganinmu, ke kuwa kin rungume tsohuwar jitarki kina taɓa ta da yatsu kamar mai lallashin jariri. Wallahi ranar tsuntsaye kunya suka ji! Ni da ban san kiɗa ba sai ƙarar inji, na zauna baki buɗe. Da kika gaya mini an danne ta da buhun doya a but ɗin mota a tashar Kawo har cikinta ya tsage, sai na ji kamar haƙarƙarina aka taka.

Ran Asabar za ki Maiduguri ƙarin karatun jinya, shekara biyu. Shekara biyu, Umaima! Wa zai ɗebe miki kewa a can? Shi ya sa na shiga gari neman wata, ƙarama, mai ƙwari, wadda za ki ɗora a cinya a mota, babu mai raba ki da ita.

Kin san ni. Da turin baro na fara, yau ga gidan bulo a Katabu, ga tifa, ga mutane suna ci a ƙarƙashina, ban taɓa tsayawa a gaban wani ina cewa ban sani ba. Amma saboda ke na tsaya a shagon kayan kiɗa kamar ɗan aji ɗaya. Mai shagon ya nuna mini ta katako zalla, ya ce ta fi zaƙin murya amma zafi na tsaga ta. Zafin Maiduguri fa! Na ce a kawo mai jurewa. Ya ɗauko wadda aka yi bayanta da gefenta da katako hawa-hawa, ba ta buƙatar lantarki, tsirkiyoyinta a kwance don kada su ci miki yatsu. Da ya ce akwai ƙarfe a cikin wuyanta da ke hana shi lanƙwashewa, sai hankalina ya kwanta, don na san abin da rodi ke yi wa gini.

Mu a sana'armu, in mai saye ya yi shakka, bulo muke ɗagawa har kafaɗa mu sake shi ƙasa. Ban san lokacin da na ɗaga jitar ba. Bawan Allah ya cafke hannuna yana salati, har maƙwabtansa suka leƙo! Na haƙura a nan, na biya kuɗinta, amma da na kai Katabu na rufe ta a akwatinta mai tauri na sake ta a kan yashi, ma'aikata na kallona kamar na zautu. Ko tsirkiya ɗaya ba ta saki ba.

Amma ya ke farin watana, akwai wata babba a rataye a shagon, mai nauyi, wadda ba a iya tafiya da ita. Na daɗe ina kallonta. Zuciya ta ce in saya miki ita, dole ki bar ta a Kaduna, dole ki riƙa waiwayowa. Ina mutum zai sa kansa, da hannunsa yana zaɓar abin da zai sauƙaƙa wa masoyiyarsa nisa da shi? Ƙaramar na ɗauko; ita za ta bi ki, ni ba zan iya ba. Bulo sai an ba shi ruwa safe da yamma. In na juya baya yini guda, an rage siminti, sunan da na gina ya rushe. Ga Inna a kwance tun da ɓarin jikinta ya shanye, ba ta karɓar kunu sai daga hannuna. Na yi shekaru ina zagaye kaina da katanga ina alfahari da tsayinta, ashe ban bar ƙofa ba! Motoci na wucewa ta gabana a titin Zariya, kowacce da inda za ta, ni kaɗai aka dasa kamar turke.

Kin ce in bari sai kin dawo a yi maganar manya. Ina kika ga damina ta jira manomi? Can akwai likitoci masu dogon turanci, ni sakandare na tsaya, ban kuma ji kunyar hakan ba sai yanzu. Ban ce ki fasa karatu ba, ban ce a ɗaura kafin ki tafi ba. Abu ɗaya nake roƙo, ni da ban iya roƙo ba: ki yarda magabatana su zo gaban Abbanki kafin Asabar, a san ke tawa ce, ni naki ne. In kin ƙi, jitar taki ce duk da haka, ba cinikin zuciya na yi da ita ba.

Ki ba Hafiza amsa, kalma ɗaya ta isa. Kawuna Yusha'u ya riga ya kai babbar rigarsa wajen mai guga, kullum sai ya kira ni yana tambaya ko ya karɓo.

Naki a inda kika bar shi, yau da gobe, har ranar da za a mai da ni ƙasa,

Maliki