Ni Na Fitar Da Muryar Aisa, Dije Ake Tsine Wa

Assalamu alaikum Anti mai shafi, barka da ƙoƙari, ku ma masu karatu ina gaishe ku. Ki ɓoye sunana don Allah. Kuma kar a yi mini wa'azi, na san abin da na aikata, shawara na zo nema.

Ni ƴar Gazawa ce. Muna da gurup na matan da muka yi koleji tare, shekara biyar ke nan. Madam, malamarmu ta Faransanci, ita ta buɗe shi, da doka ɗaya: abin da aka faɗa a nan, nan zai tsaya. Can muke kuka, can muke shaƙiyanci. Da na faɗi jarabawar brebe karo na biyu, matan nan suka hana ni haukacewa. Jibi Juma'a za a rufe shi, kuma ni ce sanadi, ba wanda ya sani.

Ana saura kwanaki zaɓe, Aisa, ƙawata tun sizyam, ajin farko na koleji, da ke aure a Gangara, ta turo bokal, wato saƙon murya. Mijinta yana cikin masu kamfe na siyasa, ya kawo mata zanen parti mai hoton ɗan takara. Tana dariya ta ce: "Ƴan uwa, zane kam zan ɗaura, in rangaɗa guɗa wurin mitin, amma in na shiga bayan labulen zaɓen nan, daga ni sai Allahna, ba shi zan dangwala wa ba. Maigida sai dai ya ci tuwo da haƙuri." Har hawaye na yi don dariya. Ban yi tunani ba, ni dama yaushe nake tsayawa tunani? Na tura wa yayata, na ce ke kaɗai. Kwana biyu, ƴan kabu-kabu na kunna muryar Aisa a tasha. Ƴan adawa na hango mijinta sai su ce, "Ga tuwo da haƙuri nan!" Ya ƙwace mata waya, ya ce ta tafi gidansu sai ya neme ta. Da goyo a bayanta ta tafi.

Wa aka kama da laifi? Dije. Bafillatana ce, a sankiyam, aji na biyu, ta bar lakol, tana rugarsu bayan Gangara, ranar kasuwa take kawo nono. Wayarta ta lalace, ba ta magana sai da ƙarfi, kowa ya san a gindin ƙwaryarta take sauraren mu. Aka taru a kanta kamar an samu nama. Ni kuma tsoro ya kama ni, na rubuta: "Dije, ki ji tsoron Allah." Ni fa! Da yatsan da na tura bokal ɗin.

Da Madam ta ce tunda amana ta ƙare gara a watse, kowa ya fara ban kwana, ana musayar lamba, ana tuna su wance da aka rasa. Sai Dije ta turo nata, iska na kaɗawa cikin muryar: "Ƙila ni ce, wani ya ji a kasuwa ban lura ba. Ku yafe mini. Tudu nake hawa in samu rezon waya don in ji ku, nan kaɗai ake tuna na taɓa zama kan benci." Kun ji? Har ita ta yarda ita ce. Ta kai nono gidan su Aisa neman gafara, aka mayar mata da ƙwaryarta a cike. Ba wadda ta nemi lambarta.

Jiya Madam ta kira ni. Za ta buɗe ƙaramin gurup, na waɗanda ta yarda da bakinsu kawai, wai ni za ta ba riƙo. "Ke ɗiyata ba ki iya ɓoye-ɓoye ba, abin da ke ranki shi ke bakinki." Na ce to, Madam. Da la'asar Aisa ta kira ni da wayar innarta: "Ƙawata, in ba ke ba wa gare ni?" 

In na faɗi gaskiya, na rasa Aisa, na rasa Madam, na rasa matan da suka riƙe ni. In na yi shiru, Asabar Dije za ta hau tudun nan, rezo ya kawo, ba ko sallama ɗaya a ciki. Na ɗauki bokal na tona kaina sau huɗu ina gogewa. Kwana biyu ya rage mini, jama'a. Me zan yi?