Na'urar da Alizeta Ta Zaɓa

Litinin, 8 ga Satumba

Rihanata ta zo da sabuwar rigima. 'Yar tamu wai za ta saya mana na'urar magana, irin wadda ake maƙalawa a hular kwano, mai tuƙi da na baya su riƙa jin juna. Na ce shekara talatin da ɗaya ina goya uwarta a babur duk Asabar daga Wagadugu zuwa gonarmu ta Kombisiri, ban taɓa kasa fahimtar ta ba. Duka ɗaya a kafaɗa, rage gudu. Biyu, tsaya ga mai dankali. Mintsini a haƙarƙari, na kalli wata. Me ya rage?

Matata Alizeta tana tuƙa tuwo, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Saya mana, 'yata. Bawan nan nawa ya yi kunnen ƙashi."

Laifina ne. Ni Bamosi na rasa wadda zan aura sai 'yar ƙabilar Samo, abokan wasanmu. A cikin gidana ake kirana bawa, kuma ba inda zan kai ƙara.

Abin da ban faɗa ba: a kan babur kaɗai nake samun shiru.

Laraba, 10 ga Satumba

Shagon Salfo mai kayan babur, wanda na koyar a aji biyar. Yanzu har da furfura da tumbi. Ya baje mana iri-iri. Mai waya tsakanin huluna biyu, Alizeta ta ce ita ba akuya ba ce da za a ɗaure ta. Wata wai tana haɗa mutum shida har nisan kilomita. Na ce matar da gwiwarta ke zungurar bayana, ina za ta da zan neme ta a kilomita?

Saura biyu. Duka ba sa jin ruwan sama, duka batirinsu na kai yini, duka da ɗan hannu mai lanƙwasowa gaban baki tunda hulunanmu buɗaɗɗu ne. Bambancin: ɗaya tana da babban maɓalli da mai tuƙi zai rufe magana da yatsa ɗaya. Ɗayar kuwa in an kunna, a buɗe take sai an sauka.

Raina ya kwanta da mai maɓalli, ba sai an tambaya ba.

Alizeta ta yi wa Salfo wata tambaya. "In na yi magana, nan take zai ji, ko sai an ɗan jima?" Ya ce nan take, Mama. Ta sake tambaya. Ba ta yi dariya ba, abin da ya ba ni mamaki.

Salfo ya ce, "Malam, ku tafi da duka biyun, ku gwada Asabar biyu. Wadda ba ta raba aure ba, ita za ku riƙe."

Asabar, 13 ga Satumba

Mai maɓalli. Daga ƙofar gida ta fara: kuɗin tumatir, surukar maƙwabta, rigata da ba ta dace da wandona ba. Muna fita daga gari na danna. Shiru, daɗi! Sai duka ya dawo kafaɗata, ya fi na kullum yawa. Tsufa na sa ta fitina, bana kafaɗar nan ba ta hutawa.

Mun faɗa wani rami bayan gada. Ruwa ne ya rufe shi, kowa ma zai faɗa.

Lahadi, 14 ga Satumba

Masu jarida sun ƙanƙanta rubutunsu. Allunan hanya ma ba a yi musu fenti mai kyau yanzu.

Asabar, 20 ga Satumba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Yau buɗaɗɗiyar muka sa. A hanyar dawowa na ce bari in tsokane ta, na yi gum. "Bukare? Kana ji na? Kai, bawa!" Na ƙi amsawa, ina danne dariya. Ta ƙwanƙwasa hulata, ta ja tsaki, ta ce batirin banza ya mutu.

Can sai na ji ta ƙasa-ƙasa, da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Rami a hagu. Allah ka nuna masa." Duka a kafaɗa. Na rage gudu, sai ga ramin.

"Akuya. Bai gani ba, bai gani ba." Duka. Sai ga akuyar.

Na buɗe ido iya ƙarfina, na ce na gaba ni zan fara gani. Na gaba keken jaki ne maƙare da itace, a inuwar bishiya. Wallahi sai da hannunta ya sauka sannan ya fito mini, kamar daga cikin hayaƙi.

Muna dab da gari ta ce, "Ya Allah, in na gaya wa yarinyar nan za ta karɓe makullin, ya zauna a gida ya lalace mini. Ka bar mini shi a hanya, ni zan duba masa."

Duka goma sha huɗu na ƙirga a kafaɗata. Ni da nake cewa fitina ce. Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, har hawaye ya ƙara rufe ɗan abin da nake gani.

A gida ta ce a mayar wa Salfo kayansa, batirin ba shi da kirki. Na ce to.

Talata, 23 ga Satumba

Na kalle ta tana tsince wake. Yaushe ta fara? Bara? Bara waccan?

Alhamis, 25 ga Satumba

Na hau motar haya na je asibitin ido, ban gaya wa kowa ba. Yanar ido ce, a duka idanun biyu. Likita ta ce ana cirewa, sun ba ni watan Disamba. Ta tambaya da me nake zirga-zirga. Da na faɗa sai ta ajiye biro ta dube ni. "Baba, wa ke yi maka addu'a?" Na ce wata 'yar Samo. Ta ce ba tuƙi sai bayan aiki.

Takardar asibitin tana cikin wannan littafin. Rihanata za ta gani, amma ba yau ba.

Jumma'a, 26 ga Satumba

Na mayar wa Salfo mai maɓalli. Ya ce, "Malam, kai da kanka?" Na ce ya kula da shagonsa.

Asabar, 27 ga Satumba

Gwiwata ce ke ciwo, shi ya sa. Haka na gaya mata da na miƙa mata makulli. Ai ta iya, shekara nawa tana zuwa kasuwa da nata ƙaramin babur. Ta dubi makullin, ta dubi gwiwar, ta dube ni.

"Batirin nan bai mutu ba ranar nan, ko?"

Na ce hadari na haɗuwa, mu kama hanya.

Ta ɗaura ɗankwali ƙarƙashin hula, ta gyara mini igiyar tawa, ta daɗe tana gyarawa fiye da yadda igiya ke buƙata. "Hau, bawana. Dama can wurinka baya ne."

Ashe daga baya ana ganin gero ya yi kai. Ashe iska ba ta dukan ƙirji. Na ba ta labarin gonar kowa, da wanda ya yi noma da wanda ya yi lalaci, har ta ce, "Wayyo ni, Bukare! Ina mai maɓallin nan?"

Tuƙinta ba laifi. Tana taka birki da yawa. Zuwa Disamba ne kawai, na dai faɗa.

Bayan gada na ɗora hannu a kafaɗarta, sau ɗaya. Nan take ta rage gudu.

"Me ka gani?"

Na ce ba komai. Ban ɗauke hannun ba har Kombisiri.