Kula Ɗaya, Cokali Biyu

Litinin, 2 ga Satumba

Sai yau na gane abin da ya kashe Babansu.

Mun je karɓar sakamakon gwajin jinin Dogo, ɗana na fari. Likitar ta ce akwai ƙwayar cutar hanta a jininsa, irin wadda aka samu a jikin mahaifinsa. Ta ce takan yi shekaru a jikin mutum shiru, ba zazzaɓi ba ciwon kai, tana cin hanta kamar gara a katako.

Matar kafinta ce ni, na san gara. Ka ga ƙofa lafiya lau da fentinta, ka danna da yatsa ta burme.

Ashe duk shekarun da Babansu yake cewa gajiya ce kawai, yana haɗiyar ƙwayoyin kemis da safe yana korawa da lemon kwalba, ƙara wa hantarsa kaya yake yi. Lokacin da idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, an faɗa mini sunan ciwon a asibiti. Kunnena ne kawai ya ji. Yau da aka faɗa a kan ɗana, sai ya shiga.

Likita ta ce na Dogo bai yi nisa ba. Zai riƙa zuwa ana duba shi. Abinci ba zai kashe cutar ba, amma zai sauƙaƙa wa hanta. A rage soye-soye da zaƙi, a yawaita ganye da wake da kifi, kada ya ci gyaɗa ko hatsin da ya yi fumfuna, ya riƙa tafiya a ƙasa. Kada ya sha kowane magani sai ta sani. Ta dube ni ta ce, "Mama, ke ma ya kamata a gwada ki." Na ce to.

Laraba, 4 ga Satumba

Auta, ƙanwar Dogo, ba ta da ciwon, alhamdu lillahi. An yi mata allurar rigakafi ta farko, ta dawo tana riƙe da dantse kamar wadda aka harba.

Na kwashe lemon da ke firij na ba maƙwabta. Galan ɗin mai na tura shi can ƙarƙashin gado. Na dafa wake da kabeji da kifi, ba mai, gishiri ɗan yatsa biyu, na zuba a kular da nake zuba musu shi da babansa, na ɗaure da cokali a jaka. Auta ta leƙa tukunya ta ce, "Mama, ragewa fa aka ce, ba dainawa ba." Na ce in ta zama likita ta zo ta koya mini.

Asabar, 7 ga Satumba

Kula tana dawowa wayam kullum. Na ji sanyi a raina.

Talata, 10 ga Satumba

Gwaggonsu, yayar marigayi, ta zo da wata gora cike da baƙin ruwa, wai na wankin hanta ne, wai wani ya sha ya miƙe sarai. Na ce, "Yaya, hanta riga ce da za a wanke?" Ta ce ni dai tun da can bakina ya fi ilimina. Ta ce da ƙanenta ya sha irin wannan da wuri, da yanzu yana nan. Ya sha, Yaya. Gora nawa na kwashe a bayan ƙofa bayan rasuwarsa? Ban faɗa mata ba, na bar ta ta yi kukanta, ita ma ɗan'uwanta ne.

Tana fita na tuttular a kwata. Har kwatar ta yi kumfa.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na tsinci murfin lemo biyu a aljihun wandon Dogo wurin wanki. Da takarda mai maiƙo. Na ajiye su a kan filonsa, ban ce uffan ba. Shi ma bai ce ba. Gidan nan kowa ya iya shiru, gadon babansu ne.

Lahadi, 15 ga Satumba

Kunya ta kusa kashe ni yau. Na haɗu da mai walda, maƙwabcin shagonsu, a bakin titi. Ya gaishe ni har ƙasa, ya ce, "Maman Dogo, Allah ya saka da alheri, muna ta cin daɗin girkinki. Amma don Allah a ɗan ƙara gishiri, jiya sai da na aika aka sayo mini yaji."

Wato shi nake dafa wa. Ina tashi tun asuba ina yanka kabeji, ina cire ƙayar kifi ɗaya-ɗaya, ashe hantar mai walda nake gyarawa. Shi kuwa ƙato, ko mura ba ya yi.

Da Dogo ya dawo na tare shi a tsakar gida. Na faɗi abin da ke bakina, har da wanda bai kamata ba. Na ce so yake in sake zama a bencin asibitin nan ina fifita wani? Gani ga wane bai ishe shi ba? Ya tsaya kansa a ƙasa, garin katako a gashinsa, sak ubansa. Can ya ce, "Mama, Baba ya ci abincinki shekara da shekaru. Ya hana?"

Ya shige ɗaki. Ban san lokacin da na zauna a kan bokiti ba.

Juma'a, 20 ga Satumba

Ba ma magana sai gaisuwa. Ina ci gaba da zuba kula, yana ci gaba da ɗauka. Ko wa ke ci, oho.

Auta ta ce ni ma ba na cin komai sai burodi da shayi mai sukari cokali uku. Ta ce yaushe zan je gwajin? Na ce in na samu sarari. Sarari kuwa ga shi nan har ya yi mini yawa. Abin da ban faɗa mata ba, likita ta ce sau da yawa wurin haihuwa jariri ke ɗauka daga uwa. To in daga jikina Dogo ya samu fa? In ma ni na... a'a. Na bar nan.

Talata, 24 ga Satumba

Na ce yau sai na kama shi da idona. Na riƙe kular na ce ban gama girki ba, da rana na ɗauka na tafi shagon a ƙasa. Rabona da layin nan tun kafin rasuwa. Warin katako ya tare ni tun daga kwana.

Ba ya ciki. Yana can tsallaken titi wurin mai suyar dankali, a tsaye, yana ci yana kallon motoci.

Na shiga. Komai yana inda yake. Zarto a ƙusarsa, fensir a bayan gwangwanin gam. Kujerar Babansu mai gajeriyar ƙafa tana gefen teburin aiki, hularsa a kai, ba ƙura ko kaɗan. Wani yana goge ta kullum.

Mai walda ya leƙo, ya ga ni ce, ya cire baƙin gilashinsa. Ya ce, "Ki yi masa a hankali. Tun da aka yi rashin nan ban ga ya ci ko loma a cikin shagon ba. Da ai a kan teburin nan suke buɗe kula su biyu, suna faɗa a kan wutsiyar kifi."

Dogo ya shigo yana goge hannu a wando. Ya ga kula, ya ga ni. Na ce zauna ka ci ina gani. Ya kwance jakar, ya ciro cokali, ya sake ciro wani, ya jera su a kan tebur.

"Mama, biyu kike sa mini kullum."

Wallahi ban sani ba. Hannuna ne ke yi. Tun ranar da yaron nan ya fara bin babansa shago nake ɗaura cokali biyu, ba wanda ya gaya wa hannun an ragu.

Ya ce in ya buɗe ya gan su, sai ya kasa ci, ya miƙa wa mai walda.

Na ɗauke hular na ɗora a cinya, na zauna a kujerar, na ɗauki cokali na biyun. Na kai loma ɗaya. Subhanallahi! Kamar an dafa tsumma. Ashe ko ɗanɗanawa ban taɓa yi ba. Na ce, "Wannan mai walda ya yi haƙuri da ni." Dogo ya fashe da dariya har da ƙwarewa, ni ma na yi, daga nan ban san inda dariya ta tsaya kuka ya karɓa ba.

Mun cinye dai. Ya bar mini wutsiyar.

Laraba, 25 ga Satumba

Na jawo galan daga ƙarƙashin gado. Cokali ɗaya na mai, albasa, tafarnuwa, citta. Auta ta wuce ta ƙofar kicin tana waƙa. Na ce ta kiyaye ni.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Murfin lemo ɗaya a aljihu. Ɗaya dai. Na yi faɗa, ya ce zafin rana ne, Mama, mutum ba ƙarfe ba ne. Yaron nan zai sa mini hawan jini kafin a zo kan hanta.

Gwangwanin da babansa ke tara ƙwayoyin gajiya a shago, na buɗe yau da faɗuwar gaba. Ƙananan ƙusoshi ne a ciki.

Litinin, 14 ga Oktoba

Kullum da rana ina kai kular da ƙafata. Ba don komai ba, likita ta ce tafiya na da kyau, kuma in ban tsaya a kansa ba mai walda zai cinye. Shi ma yanzu yakan zo da nasa cokalin, ba kunya.

Zanena da ke zamewa ya fara zama a ƙugu. Auta ce ta lura, ni ban ga wani bambanci ba. Jiya na ji kaina ina tsokanar mai kifi a kasuwa kamar da.

Hular tana rataye a ƙusa yanzu, kusa da zarto. Dogo ya maƙala wa kujerar ɗan katako a gajeriyar ƙafar, wai kada in faɗi. Babansa ya shekara goma yana cewa zai gyara ta.

Yau muna ci ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mama, ni na ci wakenki. Saura ke." Na ce ci abincinka, ba a magana da loma a baki. Ya ce ko mene ne sakamakon, shi dai uwa ɗaya gare shi. Na ce na ji.

Na ji ɗin. Amma har yau ban je an ɗebi jinina ba.